Dalmar Da Na Ƙwaƙule

Sana'ata gyaran sikeli. Tun ina saurayi nake yin ta a wani ɗan shago da ke bakin kasuwa, tsakanin mai sayar da fenti da mai ɗinkin takalma. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya, amma lamba ba ta taɓa ba ni wahala ba. Ina kuma da wata ɗabi'a da mutane ke yi mini dariya a kanta: duk abin da na gani sai na so in san nauyinsa. Na taɓa auna wasiƙa kafin a karanta ta da bayan an karanta. Na auna zakara kafin ya yi cara da bayan ya yi, ya kuwa yakushe mini hannu. Matashin kaina ma na sha ɗora shi a sikeli da safe, don in ga ko mafarki yana barin wani abu a ciki. Ban taɓa samun bambanci ba, ban kuma daina ba.

A kasuwa Alƙali suke ce mini. Sunan ya samo asali ne daga ranar da na kife dutsen awon wani mahauci a gaban jama'a. Shi dutsen awo ƙarfe ne, amma a ƙarƙashinsa akwai rami da ake zuba dalma a ciki har nauyin ya cika daidai. Mai ha'inci yakan ƙwaƙule dalmar kaɗan, ya toshe bakin ramin da kwali, ya shafa baƙin mai a kai. Ido ba ya gani, dutse yana nan da rubutunsa na kilo ɗaya, alhali ya rage. Ranar na yi wa mahaucin nan wa'azi mai tsawo, matarsa tana tsaye da goyo tana kallon ƙasa. Har na ji daɗin kaina.

Matata tela ce, kuma Tela nake kiranta tun muna zance. Sai da muka shekara tara da aure, furfura ta fara leƙo mini a gemu, sannan Allah ya ba mu haihuwa. Mace ce, kilo uku cif a sikelin asibiti, ba ɗori ba ragi. Abin ya burge ni har na fara kiranta Kilo Uku, sunan kuwa ya bi ta. Ranar da za a sallame mu, babbar nas ɗin wurin, wata doguwar mata mai tabarau da kowa ke ce wa Sista, ta yi mana bayani cewa jariri yakan ragu a kwanakin farko, amma kafin sati biyu ya kamata ya dawo da nauyinsa ya ci gaba. In bai dawo ba, a kawo shi, kada a jira ranar allura. Tela ta yi dariya ta ce ai su a gidansu sikeli ya fi cokali yawa.

Ɗaki biyu muke haya a saman bene, taga tana kallon bayan wani gidan burodi. Na ɗauko tsohon sikelina mai faranti biyu daga shago na kafa shi a kan teburin ɗinkinta, na cire faranti ɗaya na sa kwando da tawul a ciki, na daidaita shi har gashin kaza zai iya rinjayarsa. Kullum da safe bayan wanka sai mu kwantar da yarinya a kwandon, ni in ɗora manyan duwatsu, Tela ta ɗora ƙananan da hannunta, sannan ta rubuta lambar a jikin kalandar bango.

Ban san ɗan mutum yana cinye gida haka ba. Keken ɗinki ya zama wurin rataya tawul. Shayi ya huce sau uku kafin a sha. Wankin nafkin ni na karɓa, in wanke a bokiti in shanya a igiyar baranda kafin in tafi shago, maƙwabta na leƙowa suna cewa Alƙali ya samu ƙarin girma. In na dawo sai in zauna in yi ta kallon maɗigarta tana bugawa a hankali, ina tunanin ko ta nan ne labarin duniya ke shiga mata kaɗan-kaɗan.

Yarinya ta sauka zuwa kilo biyu da giram ɗari takwas, kamar yadda aka ce. Sai ta tsaya a nan. Kwana goma, sha biyu, sha huɗu, lamba ɗaya Tela ke rubutawa a kalanda. Yarinya ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, ta yi kuka, ta gaji ta yi barci. Kan nonon uwar ya tsage har yana jini. Tela ta daina cin abinci, sai ta tasa kwano a gaba tana juya cokali. Ranar sha huɗu ta rubuta lambar, ta zauna a bakin gado ta juya mini baya.

"Malam," ta ce, "shekara tara ina roƙo. An ba ni, kuma abin da kyanwa ke yi wa 'ya'yanta a bayan murhu na kasa."

Na ce mu koma asibiti. Ta ce a ba ta kwana biyu tukuna, ba za ta iya zama a gaban matan asibiti a ce ba ta da nono ba. Ni kuma na taɓa jin tsofaffi suna cewa damuwa ce ke ƙafar da nono. Sai na yi wani lissafi irin nawa. In ta ga yarinya ta ƙaru, hankalinta zai kwanta. In ya kwanta za ta ci abinci, nono ya zo, yarinya ta ƙaru da gaske. Kenan ba ƙarya zan yi ba, gaskiya ce zan faɗa kafin lokacinta ya yi. Haka na gaya wa kaina, kuma a lokacin maganar ta yi mini kyau ƙwarai.

Washegari, tana banɗaki, na fita baranda da dutsen kilo biyu da ɗan kurfin sassaƙa, na ƙwaƙule dalma kamar giram talatin. Na toshe da kwali, na shafa baƙin mai. Na san aikin fiye da mahaucin da na kama. Dalmar na zuba a wani gwangwanin man shafawa na tura shi bayan tankin ruwa.

Da muka kwantar da Kilo Uku, kwandon ya rinjaya. Tela ta ɗora ƙaramin dutse, bai isa ba, ta ƙara wani. Ta dube ni, ta dubi sikelin, ta sa hannu ta rufe baki. Ranar ta cinye abincinta har ta nemi ƙari.

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Amma wanda ya hau wannan hanya ba ya samun wurin juyawa. In na bar dutsen haka, lamba za ta sake tsayawa, in na mayar da dalmar, yarinya za ta faɗo a idon uwarta. Sai na riƙa ƙwaƙula duk bayan kwana biyu, ina jiran gaskiya ta iso. Da dalmar dutsen kilo biyu ta kusa ƙarewa, na koma kan na kilo ɗaya. Lambobin kalanda suka yi ta hawa kamar matakalar bene. Tela ta fara waƙa in tana shara. Ta buɗe kekenta ta ɗinka wa yarinya riga ruwan ƙwai mai ƙananan maɓallai, ta yanka ta da ɗan girma tunda ga shi ana ƙaruwa. Da ta sa mata, rigar ta zauna kamar an rataya ta a ƙusa. Ta farke ta rage har sau biyu, duk da haka ta yi yawa. Ta ce haihuwa ta ɓata mata ido, ita da take yanka rigar amarya ba tare da ta sake awo ba. Ina zaune ina jin ta, na ce wataƙila yadin ne mai saki.

Yarinya kuwa ta rage kuka. Barci take yi mai tsawo, sai an tashe ta. Masu zuwa barka suka yi ta yabonta, wai ba su taɓa ganin jaririya mai haƙuri haka ba. Nafkin da nake wankewa ya ragu, igiyar baranda da take cika har ta lanƙwasa ta koma rabi. Na lura, don ni ba abin da ke wuce ni in dai ƙidaya ce, amma sai na ce wa kaina hanji ne ya fara zama. Maɗigar da nake kallo ta ɗan faɗa ciki. Na daina kallo.

Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne na daina ɗaukarta. Hannuna ya san nauyi, in ka miƙo mini ƙullin gishiri zan gaya maka giram nawa ne, kuskurena ba ya wuce ashirin. Na san in na ɗaga ta hannuna zai gaya mini abin da ba na son ji. Sai in ce akwai baƙin mai a yatsuna, ko bayana na ciwo. Tela ta riƙa yi mini tsiya, wai uban da ya auna zakara yana tsoron 'yarsa.

Ranar da ta cika sati shida muka tafi allurar rigakafi. A kalanda tana kilo uku da ɗari uku. Ɗakin awon jarirai dogo ne, benci huɗu cike da mata, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar, bango duk hotunan uwa da ɗa. Maza biyu ne kawai, ni da wani da ke gyangyaɗi a bakin ƙofa. A benci na biyu na hangi matar mahaucin nan da sabon jariri, na huɗu ko na biyar. Ta gaishe ni da ladabi, ta yi wa Tela barka.

Da layi ya zo kanmu, Sista ta tuɓe yarinya ta kwantar da ita a farantin sikelinsu mai allura. Ban kalli allurar ba, ƙafafun yarinyar na kalla, fata ta yi musu yawa kamar safa. Sista ta ɗaga ta, ta duba allura ta koma sifili, ta sake kwantar da ita. Ta ce kilo biyu da ɗari tara. Ta tambayi Tela me ya hana ta dawowa tun sati huɗu da suka wuce.

Tela ba mai faɗa ba ce, amma ranar ta miƙe tsaye. Ta ce sikelinsu ne ya lalace. Ta jero lambobin kalanda da ka, kwana bayan kwana. Ta ce mijinta ga shi nan, shi ne mai gyaran sikelin kasuwa gaba ɗaya, a tambayi kowa, ba a taɓa kama awonsa da kuskuren giram ɗaya ba. Ta juyo ta nuna ni, mata duka suka juyo.

Sista ta sauke tabarau ta dube ni. Ta ce to madalla, dama sun daɗe suna neman mai duba musu shi. In gidan ba nisa, Malam ya je ya ɗauko duwatsunsa a gwada, ita ba ta ƙi a nuna mata kuskurenta ba.

"Je ka ɗauko, Malam," in ji Tela. "Waɗanda muke awo da su. Ina nan."

Tafiyar minti goma ce. Na bi ta gaban gidan burodi, na hau bene, na tsaya a tsakiyar ɗaki. Rigar nan ruwan ƙwai tana rataye a jikin keke. Na sa duwatsun biyu a jaka. Na san sarai abin da zai faru in na ɗora su: allura za ta nuna ƙasa da kilo uku, kowa ya ce sikelin asibiti ne ke rage awo, Tela ta fita da kanta a sama, ni in ci gaba da zama Alƙali, mu dawo da yarinya gida ta ci gaba da barcinta. Na kai bakin ƙofa, na dawo, na zura hannu bayan tanki na ɗauko gwangwanin na sa a aljihu. Ban yanke komai ba. A hanya yana ta bugun cinyata, kuma ko ban auna ba na san giram ɗari huɗu ne.

Na tarar an matsa mini wuri. Na ɗora dutsen kilo biyu da na kilo ɗaya a farantin. Allura ta tashi ta tsaya a biyu da ɗari shida.

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Wata ta ce dama ita ma ta ga kamar an rage wa nata. Tela ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Kun gani ko?" Ba da gadara ta faɗa ba, muryarta rawa take yi don murna. Sista ta ƙwanƙwasa gilashin sikelin da farce, ta dubi duwatsun, ta dubi yarinyar da ke hannun uwarta. Ta ce ƙarfe dai ba ya ƙarya, amma ita idonta bai yarda da wannan yarinya ba. Ta ɗauki biro tana juya shi a kan katin, ta rasa abin da za ta rubuta.

A nan Kilo Uku ta farka ta yi kuka. Ba kukan jariri ba ne irin wanda ke cika ɗaki, wani ɗan siririn sauti ne, sau biyu, sai ta gaji ta yi shiru.

Na ciro gwangwanin na buɗe, na juye dalmar a farantin kusa da duwatsun. Allura ta hau a hankali ta tsaya a kan uku cif.

"Malam, mene ne wannan?" in ji Sista.

Na kife dutsen, na sa farce na ɓamɓare kwalin, na nuna mata ramin. Na ce sikelinta lafiyarsa ƙalau. Na ce ni ne. Na so in yi bayanin lissafin nan nawa na damuwa da nono da gaskiyar da za ta iso daga baya, amma da na buɗe baki a gaban matan nan sai na ji ba shi da kai ba shi da gindi. Daga benci na biyu matar mahauci ta ce, a hankali, kamar da jaririnta take magana, "Ashe Alƙali ma ya iya."

Tela ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika nemi ƙarin abinci."

Ta dubi dalmar. Sannan ta ce, "Sau biyu na farke rigar nan. Kana zaune." Ta juya ta miƙa wa Sista yarinyar, ta ce a gaya mata abin da za ta yi.

Kwana shida aka riƙe su. Likita ya duba ya ce ba nono ne babu ba, wata 'yar fata ce a ƙarƙashin harshen yarinyar ta riƙe shi, shi ya sa ba ta iya zuƙa sosai. Aikin bai kai minti biyar ba. Aka koya wa Tela yadda za ta tatsa ta ba ta a ɗan kofi kafin bakin ya saba. Sista ta tare ni a baranda ta ce da mun zo tun sati biyu, da ko kwana ba za su yi ba, da kuma mun ƙara wasu sati biyun, da wani zancen ake yi. Ta ce ta ga iyaye iri-iri, masu sakaci da masu taurin kai, amma ba ta taɓa ganin wanda ya zauna ya yi wa 'yarsa ha'inci da ƙwarewa haka ba. Na ce haka ne.

A kwanakin nan Tela ba ta ce mini komai ba sai abin da ya zama dole: kawo ruwan zafi, tafi da waɗannan, dawo da wankakku. Ni kuwa in karɓi ledar nafkin in tafi gida in wanke. Ranar farko huɗu ne, ranar uku bakwai, ranar biyar igiya ta cika har na ɗaura wata. Na tsaya a baranda ina kallonsu suna ɗiga, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Labari ya riga ni isa kasuwa. Ba wanda ya zage ni. Mahaucin ne kawai yakan ɗaga wuƙa daga nesa ya ce, "Alƙali, ya mai jego? In akwai dutsen da ke son gyara a turo mana." Sai in ce mai jego ta gode. Wasu suka daina kawo mini aiki, wasu suka ci gaba, amma yanzu sukan tsaya a kaina har in gama, su kife dutsen su duba.

Da suka dawo gida na tarar ta cire shafin kalandar nan ta ninke ta sa a aljihun keke. Na fara kwance sikelin zan mayar shago, ta ce in bar shi tukuna. Ta sa na narka dalmar a gabanta na mayar cikin duwatsun, ta gwada su da ƙullin sukari na kanti wanda ba a buɗe ba, sannan ta ce to yanzu in fitar mata da shi daga ɗaki. Awo kuma ya koma wurin Sista, duk ranar Talata, ita kaɗai take zuwa.

Talata ta uku, wajen azahar, ina shago ina goge wani sikelin mai kifi, sai ga ta da yarinya a kafaɗa cikin rigar nan ruwan ƙwai. Ta ajiye katin awo a kan bencin aikina, ta sa yatsa a kan lambar ƙarshe. Uku da ɗari uku.

"Yau ta kamo ƙaryarka," ta ce.

Na rasa inda zan sa idona. Na ɗauki tsumma ina goge hannun da ba abin da ya taɓa. Ta tsaya tana kallona har na gama, sannan ta sauko da yarinyar ta miƙo mini.

"Karɓi. Nawa?"

Rabona da ɗaukarta sati bakwai. Ta zauna a tafin hannuwana da ɗuminta, ta kafe ni da ido, ta cafki gemuna. Na ɗan ɗaga ta sama na sauke.

"Hannuna ya ce uku da ɗari uku da ashirin," na ce. "Amma ki bi na Sista."

"Ashirin ɗin fitsari ne," in ji Tela, ta ajiye mini jakar nafkin a kan benci. "Sai ka canza mata."